Me Ya Sa Mai Ƙaramin Ƙarfi Ba Ya Daɗewa da Likita Ɗaya?

Masu binciken lafiyar jama'a suna da wata tambaya da suke yawan yi wa magidanta: idan jiki ya ƙi daɗi, ko kana bukatar shawara kan lafiyarka, akwai wani wuri ko wani mutum takamaimai da ka saba zuwa wurinsa? Amsar takan bi nauyin aljihu. Gidan da ke da rufin asiri yakan ambaci sunan likita ko asibiti nan take. Gidan da ke neman na yau da na gobe yakan ce duk inda ya samu. A ƙasashen da sai an biya kafin a ga likita, bambancin a fili yake. A ƙasashen da ganin likita kyauta ne ma bai ɓace ba, kama kawai ya canza: kowa yana da suna a rajista, amma mazaunin unguwar talakawa ya fi cin karo da sabuwar fuska duk zuwa.

Cewa talaka ba shi da kuɗin asibiti gaskiya ne, sai dai bayanin bai ƙare a nan ba. Kuɗin kati wuri ɗaya ne kawai cikin wuraren da alaƙar mara lafiya da mai duba shi take yankewa, kuma wanda bai san sauran wuraren ba zai yi ta mamakin me ya sa aka cire kuɗin amma mutane ba su dawo ba.

Wane ne tsayayyen mai duba lafiya

Ba dole ya zama likita ba. Yana iya zama ma'aikaciyar jinya mai horo, ko jami'in lafiya a ƙaramar cibiya, ko mutum uku zuwa huɗu da ke aiki tare da fayil ɗaya. Barbara Starfield, likitar yara ta Jami'ar Johns Hopkins wadda ta shafe shekaru tana nazarin kula da lafiya a matakin farko, ta nuna abubuwa huɗu da ake gane shi da su. Shi ake fara nufa idan sabon ciwo ya taso. Alaƙar tana ɗorewa shekara da shekaru. Yana iya kula da mafi yawan matsalolin yau da kullum, daga rigakafin yara har zuwa ciwon gwiwar tsoho. Idan kuma ya tura ka wurin ƙwararre, labarin abin da aka yi yana dawo masa. Da wannan ma'auni, sashen gaggawa ba ya cikin lissafi, haka ma kantin magani, komai yawan zuwan mutum can.

Amfanin wannan alaƙa an auna shi. A Norway, inda tun 2001 kowane mazauni yake da damar zaɓar likitansa na dindindin, an bi bayanan mutum kimanin miliyan 4.5, aka wallafa sakamakon a 2022. Waɗanda suka haura shekara 15 da likita ɗaya, idan aka kwatanta su da waɗanda shekararsu ɗaya ce kawai, yiwuwar a kwantar da su a asibiti cikin gaggawa, ko su nemi likita bayan an tashi daga aiki, ko su rasu, ta ragu da kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Kafin wannan, a 2018, Denis Pereira Gray da abokan aikinsa a Ingila sun tattara bincike 22 daga ƙasashe tara, 18 daga ciki suka nuna cewa daɗewa da likita ɗaya yana tafiya tare da raguwar mace-mace. Irin waɗannan bincike bin rayuwar mutane suke yi yadda take, don haka wani ɓangare na bambancin yana iya fitowa daga cewa mai nutsattsiyar rayuwa shi ne ke iya daɗewa da likita. Amma idan aka dubi yadda aikin yake gudana a ɗakin duba marasa lafiya, dalilin ba ya da wuyar gani.

Ɗauki hawan jini. Ba a yanke hukuncinsa da awo ɗaya. Sai an samu 140/90 ko sama da haka a ranaku daban-daban. Idan aka fara magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ganin mutum duk wata har jinin ya sauka inda ake so, daga nan sai duk wata uku zuwa shida. Yawancin masu ciwon ba sa daidaita da magani ɗaya, sai an ƙara na biyu. Idan maganin irin su lisinopril ko enalapril ne, ana duba aikin ƙoda da sinadarin potassium mako ɗaya zuwa biyu bayan farawa. Duk matakin nan yana dogara ne da wanda ya gabace shi. Wanda ya gan ka yau yana bukatar sanin awon watan jiya, da maganin da aka gwada, da dalilin da ya sa aka canza shi. Idan babu mai riƙe wannan tarihi, kowane zuwa komawa farko ne. Alƙaluman da hukumar ta daɗe tana bayarwa sun nuna kusan rabin manya masu hawan jini ba su san suna da shi ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar ne kawai jininsa ya daidaita. Magungunan na cikin mafiya arha a duniya. Bibiyar ce ke da tsada.

Kuɗin da ake gani

Akwai gwaji biyu daga Amurka da suka amsa tambayar kuɗi kai tsaye, domin a cikinsu ƙuri'a ce ta raba mutane, ba halin rayuwarsu ba.

Na farko cibiyar RAND ce ta gudanar da shi daga shekarun 1970 zuwa 1982, da iyalai kimanin 2,750. Wasu aka ba su kulawa kyauta, wasu aka sa su biyan wani kaso na kuɗin. Masu biyan kaso mai yawa sun rage zuwa asibiti da kusan kashi 30 cikin 100. Abin lura shi ne ba su iya tantance zuwan da ya zama dole da wanda za a iya haƙura da shi ba. Duka suka rage. Ga mai matsakaicin hali kuma mai lafiya, hakan bai nuna wata illa ba. Ga talakawa masu hawan jini kuwa, kulawa kyauta ta sa jininsu ya fi daidaita. Wato kuɗin da mai hali ba zai ji a jikinsa ba, shi ne ke hana talaka zuwan da ake gano ciwon da ba ya zafi.

Na biyu a jihar Oregon ne a 2008. Jihar tana da gurbi kimanin 10,000 a inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, Medicaid, mutum kusan 90,000 suka nema, sai aka yi ƙuri'a. Waɗanda suka samu inshorar, yiwuwar su ce suna da cibiyar da suka saba zuwa ta ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100, ta samun likita na kansu kuma da kusan kashi 55. An ƙara gano masu ciwon suga, ciwon damuwa ya ragu, kuɗin asibitin da ke durƙusar da gida ya kusan ɓacewa. Amma cikin shekara biyu ba a ga wani canji na a zo a gani ba a awon jininsu ko na sugansu, kuma zuwansu sashen gaggawa ƙaruwa ya yi. Na ga ya kamata a faɗi wannan ɓangaren ma, domin yana nuna cewa katin inshora yana kai mutum bakin ƙofa ne kawai, abin da ke biyo baya wani aiki ne daban.

Kuɗin da ba ya cikin rasit

Mai albashin wata da ke da hutun rashin lafiya, idan ya je asibiti da safe, albashinsa yana nan. Mai aikin yini, ko mai sana'ar hannu, ko direba, ko mai aikin da ake biya da awa, ranar da ya je asibiti ranar ce babu samu. A lissafa shekarar farko ta mai hawan jini: zuwa uku ko huɗu a jere kafin jini ya daidaita, biyu ko uku bayan nan, ga ranar gwajin jini, ga ranar karɓar sakamako idan ba a haɗa su ba. Kwana bakwai zuwa tara ke nan, kan ciwon da mai shi ba ya jin komai a jikinsa. A ɗora kuɗin mota zuwa da dawowa, da wanda za a bar wa yara ko tsoho. Magidancin da ya duba wannan lissafi ya fasa zuwa na uku ba sakarci ya yi ba. Ya auna asarar yau wadda tabbas ce da haɗarin shekara goma masu zuwa wanda ba ya gani, ya zaɓi abincin yara.

Shi ya sa a gidaje masu ƙaramin ƙarfi ake samun yaro da katin rigakafi cikakke, uwa ta je awon ciki, amma uba ya shekara goma ba a ɗaura masa abin awon jini ba. Ita ma uwar, da zarar ta gama haihuwa, sai alaƙarta da cibiyar ta tsaya. Wannan kuskure ne mai tsada, domin macen da jininta ya hau lokacin ciki, ko suganta ya hau, tana cikin waɗanda suka fi bukatar a ci gaba da duba su shekaru bayan haihuwar.

Sai kuma rashin zama wuri ɗaya. Mai haya yana tashi idan kuɗin haya ya ƙaru. Mai neman aiki yana bin aiki inda ya samu. Lambar waya tana canzawa, saƙon tunatarwa ya tafi layin da ba ya aiki. Fayil kuma ba ya bin mutum sai an nema.

Inshorar kanta, idan an ɗaure ta da yawan samun mutum ko da wurin aikinsa, takan zo ta tafi. A Amurka, jihohin da suka faɗaɗa Medicaid daga 2014 suna karɓar manya da samunsu bai wuce kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba. Mai aikin da samunsa ke hawa da sauka zai iya tsallake layin a wata mai kyau, ya faɗo ƙasansa a wata mai zuwa, kuma likitan da ke karɓar Medicaid ba lallai ya karɓi wata inshorar da mutum ya koma kanta ba. Da jihohi suka koma tantance rajista daga Afrilun 2023, bayan dakatarwar lokacin annobar korona, an cire mutum kimanin miliyan 25, kuma sama da kashi biyu cikin uku an cire su ne kan batun takardu, kamar wasiƙar da ba ta isa ba ko fom ɗin da ba a mayar a kan lokaci ba.

Ɓangaren asibiti

A 1971 Julian Tudor Hart, likita a wani ƙauyen masu haƙar kwal a kudancin Wales, ya rubuta a mujallar Lancet cewa kulawa mai kyau takan yi ƙaranci daidai inda aka fi bukatarta, kuma abin ya fi tsanani inda aka bar lafiya a hannun kasuwa. Sama da shekara hamsin ke nan, maganarsa ba ta tsufa ba. Likitoci sukan taru inda masu iya biya suke, inda kuma 'ya'yansu za su samu makaranta. Cibiyar da ke unguwar talakawa ko a karkara takan yi fama da guraben da babu mai cikewa, da ma'aikatan wucin gadi, da sababbin da ke jiran damar tafiya. Ko mara lafiya bai taɓa fashin zuwa ba, idan mai duba shi yana canzawa duk shekara, amfanin da aka gani a Norway ba zai same shi ba.

Yadda ake biyan asibiti ma yana da hannu. A 2019, abin da Medicaid ke biyan likitan matakin farko a Amurka kusan kashi biyu cikin uku ne na abin da inshorar tsofaffi, Medicare, ke biya kan aiki iri ɗaya. Sakamakon shi ne likitoci da yawa sukan taƙaita adadin masu Medicaid da za su ɗauka.

Ga wani abin da ke ƙara nauyi. Binciken da aka yi kan mutum kimanin miliyan 1.75 a Scotland, aka wallafa a 2012, ya nuna mazauna unguwannin da suka fi talauci suna fara tara cututtuka biyu ko fiye shekara 10 zuwa 15 kafin mazauna unguwannin masu hali. Ke nan likitan unguwar talakawa yana ganin ɗan shekara hamsin da suga da hawan jini da ciwon damuwa a tare, cikin minti goman da aka ware don ciwo ɗaya. A can ganin likita kyauta ne, amma lokaci bai isa ba. Wannan ne ya sa likitocin cibiyoyi 100 da suka fi kula da talakawa a ƙasar suka kafa ƙungiyarsu a 2009, babban abin da suke nema kuwa shi ne ƙarin lokaci da mara lafiya.

Abin da ke lalacewa idan ba mai riƙe tarihi

Mai shan lisinopril ya fara busasshen tari, wanda sananniyar illar maganin ce. Wanda ya rubuta masa zai gane nan take ya canza zuwa irin su losartan. Baƙon da bai san yana sha ba zai ba shi maganin tari, ya ƙi, a ba shi maganin ƙwayoyin cuta, ya ƙi, a tura shi hoton ƙirji. Mai shan amlodipine ƙafarsa ta kumbura, wani ya ɗora masa maganin fitar da ruwa a kan illar da rage maganin farko zai gyara. Mai ciwon gwiwa ya yi wata shida yana sayen ibuprofen ko diclofenac, jininsa yana hawa, ƙodarsa tana raunana, ba wanda ya haɗa abubuwan biyu. Wani yana shan magani ɗaya sau biyu saboda wurare biyu sun rubuta masa shi da sunayen kamfani daban-daban. Mai suga ya bar metformin a makon farko saboda ya ɓata masa ciki, ba wanda ya gaya masa a fara da kaɗan, a sha tare da abinci, kuma yawanci cikin yakan saba. Mace mai shan lisinopril ta samu ciki, ba wanda ya san ya kamata a canza mata shi.

Sashen gaggawa zai ceci rai, amma aikinsa ya tsaya a daren nan. Zai saukar da sugan da ya yi tashin gwauron zabi, ya sallami mutum da takardar cewa ya ga likitansa, likitan da babu shi. Bayan wata uku a sake dawowa. Asma, suga, hawan jini da raunin zuciya suna cikin cututtukan da masana ke amfani da yawan kwanciyar asibiti a kansu wajen auna ingancin matakin farko, domin mafi yawan kwanciyar ana iya kauce mata. Kuma kuɗin kwanciya ɗaya, balle shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda, ya ninka kuɗin bibiyar shekaru. Gidan da ya kasa biyan ƙaramin kuɗin a kan lokaci shi ne ake kawo wa babban.

Abin da iyali za su iya yi da abin da ke hannunsu

Ba duk abin da na lissafa ne ke hannun magidanci ba, amma akwai abin da ke hannunsa.

A zaɓi wuri ɗaya tun ana lafiya, kuma kusanci ya rinjayi suna. Ƙaramar cibiyar da za a iya zuwa a dawo cikin awa biyu ta fi babban asibitin da ke cin yini guda, domin ita ce za a iya komawa sau shida a shekara. Kafin a buɗe fayil a yi tambaya: wa zai riƙa ganina, kuma zan iya neman shi da suna? Wace rana ce layi ya fi sauƙi? Ana aiki da yamma ko ƙarshen mako? Ana gwajin jini a nan ko sai an tura ni wani wuri? Akwai rangwame ga mai ƙaramin samu, kuma wace takarda ake kawowa? Wannan ta ƙarshe mutane suna jin nauyin yin ta, alhali a wurare da yawa tsarin yana nan, ba a dai tallata shi. A Amurka, alal misali, cibiyoyin lafiya na al'umma da gwamnatin tarayya ke tallafawa wajibi ne su rage kuɗi ga wanda samunsa bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci ba, ko da ba shi da inshora.

Duk gidan su yi rajista wuri ɗaya, a riƙa haɗa zuwa. Ranar rigakafin yaro, uwa ta nemi a auna jininta. Ranar da aka kawo tsoho, wanda ya rako shi ma a auna shi. Kuɗin mota ɗaya, asarar yini ɗaya.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne littafi. Ƙaramin littafin rubutu ga kowane mai ciwon da ke daɗewa. Shafin farko: cututtukan da aka tabbatar, tiyatar da aka taɓa yi, maganin da jiki ya taɓa ƙi da abin da ya faru. Sai jerin magunguna da sunansu na asali, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kamfani, da ƙarfinsu a miligiram, da sau nawa ake sha. Idan aka daina wani magani, kada a goge shi. A ja layi, a rubuta kwanan wata da dalili. Sauran shafuka na awo ne: kwanan wata, awon jini, suga, nauyi. Duk sakamakon gwaji a ɗauki hotonsa da waya kafin a miƙa takardar. Wanda ke da irin wannan littafi, ko an canza masa likita sau uku a shekara, na huɗun zai ɗora daga inda aka tsaya. Duk zuwa kuma a tafi da kwalayen magungunan gaba ɗaya, har da waɗanda aka saya da kai da na gargajiya.

Idan da hali a samu na'urar awon jini ta damtse, gida ɗaya ko maƙwabta su yi tarayya a kanta. A zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, kwana bakwai kafin ranar ganin likita. A gida ma'aunin 135/85 ne. Idan abin ɗaurawar ya yi wa damtse kaɗan, lambar takan fito sama da gaskiya. Awon mako guda a rubuce ya fi awo ɗaya na asibiti amfani, kuma sau da yawa yakan ba likita damar tsawaita tazarar zuwa.

A faɗa wa mai duba lafiya gaskiyar aljihu tun kafin ya rubuta. Da yawa sukan karɓi takardar magani biyar, su sayi biyu da kuɗin ya kai, kuma ba lallai su ne mafiya muhimmanci ba. Wasu su riƙa tsallake rana don maganin ya kai ƙarshen wata, su yi shiru. Likita ya ga jini bai sauka ba, ya ɗauka maganin ya yi kaɗan, ya ƙara wani, kuɗi ya ƙaru. Tambayoyi uku suna warware wannan: wanne ne ba zan bari ba ko da me? Akwai mai arha da ke aiki iri ɗaya? Idan jinina ya daidaita, za a iya rubuta mini na wata uku a lokaci ɗaya? Haka gwaji: wanne ne zai canza abin da za a yi mini yau, wanne zai iya jira? Mai suga, misali, abin da bai kamata ya wuce shi ba shi ne gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya, duk wata uku idan sugan bai daidaita ba, sau biyu a shekara idan ya daidaita, sai duba ƙafa da ido da ƙoda sau ɗaya a shekara.

Kada a bar cibiyar ba a san ranar dawowa ba, a rubuce. Idan an yi fashi, a koma ko an makara. Jin kunyar faɗa yana raba mutane da yawa da likitansu fiye da yadda ma'aikata suke zato. Idan za a tashi daga unguwa, a nemi taƙaitaccen bayanin fayil da maganin da zai kai wata ɗaya ko biyu. Amma ciwon ƙirji mai tsanani, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar numfashi, zubar jini ga mai ciki, waɗannan ba a jiran ranar likita a kansu, sashen gaggawa ake nufa nan take.

Abin da ke wuyan masu tsara aiki

Ƙasashen da suka rage wannan tazara ba su jira talaka ya nemo likita da kansa ba, sun ɗora wa wata cibiya alhakinsa da suna. Tailan ta yi haka a 2002 da shirin da ake kira na baht 30 (baht shi ne kuɗin ƙasar): duk wanda ba shi da wata inshora aka yi masa rajista da cibiyar yankinsa, ana biyan cibiyar gwargwadon yawan mutanen da ke rajistarta. Brazil ta fara shirin lafiyar iyali a 1994, inda likita da ma'aikaciyar jinya da mataimaki da ma'aikatan lafiya na cikin unguwa huɗu zuwa shida suke ɗaukar nauyin mutum kimanin 3,000 zuwa 4,000. Ma'aikacin unguwa yana da gidaje wajen 150 da yake zagayawa duk wata, ko da mai ciwo ko babu. Shi ne ke lura cewa wance ba ta karɓi maganinta ba, wane ya tashi. A ganina wannan zagayen ya fi kowane sabon gini tasiri ga mai ƙaramin ƙarfi, domin yana ɗauke masa asarar yini da kuɗin mota, waɗanda cire kuɗin kati ba ya taɓawa.

Ƙaramar cibiya ma tana da abin yi ba tare da jiran sabuwar doka ba. Ta raba marasa lafiyarta tsakanin ma'aikatanta, kowa ya san nasa, a rubuta sunan a bangon fayil. Ta haɗa gwaji da ganin likita a rana ɗaya, ta ba da sakamako ta waya idan babu matsala. Ta bar ma'aikaciyar jinya ko mai haɗa magani mai horo su riƙa bibiyar hawan jini bisa rubutaccen tsari, abin da jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta amince da shi. Ta karɓi lambar waya biyu, ta mara lafiya da ta wani na kusa da shi, ta sabunta su duk zuwa.

Sai batun waɗanda suka yi fashin ranarsu. Wasu cibiyoyi sukan ci su tara, ko su soke sunansu bayan fashi biyu ko uku. Dokar tana kama da adalci tunda kowa ta shafa, amma waɗanda take kora su ne masu aikin da ba a sanin lokacinsa sai ranar, da marasa abin hawa, da masu ciwon damuwa. Wani bincike a Scotland da aka wallafa a 2019 ya nuna masu yawan fashin ganin likita, musamman masu matsalar ƙwaƙwalwa, suna cikin haɗarin mutuwa da wuri fiye da masu zuwa. Abin da ya dace shi ne duk ƙarshen mako a fitar da sunayen waɗanda ba su zo ba, a fara da masu suga da hawan jini da masu ciki, a kira su a tambayi abin da ya hana, a ba su wata ranar da ta dace da aikinsu. Idan waya ba ta shiga ba har sau biyu, a tura ma'aikacin unguwa gidan.